Na Karanta Ƙwallo, Unguwarmu Ta Rasa Rago

Akwai ciwon da ake zuwa dubiyarsa da lemo da kankana, akwai wanda ake zuwa dubiyarsa da dariya. Goyon bayan Arsenal yana cikin na biyu. Duk daren da aka lallasa ku, mutanen da suka shekara ba su neme ka ba za su tuna da lambarka. Har wanda kake bi bashi, wanda in ya hango ka yake faɗawa lungu, zai kira da bakinsa ya ce, "Malam, ya jiki?" Kai da shi kun san ba jikin yake tambaya ba.

Ƙwallo ta kama ni tun kafin in san akwai gari mai suna Landan. A lungunmu muka fara, da ƙwallon tsumma, silifa biyu su ne raga. Dokar lungu ɗaya ce a ko'ina: mai ƙwallo shi ne kyaftin, shi ne alƙalin wasa, in an ci su ya ɗauki abarsa a watse. Doka ta biyu kuwa, wanda bai iya ba shi ne gola. Ni na yi gola har na fara gemu. Ban taɓa kokawa ba, domin daga raga ana ganin fili gaba ɗaya, kuma tun a lokacin na lura Allah ya hore mini baiwar sanin abin da ya kamata wasu su yi.

Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, soyayyar gida ce, ba a tambayar dalilinta. In an ce "Sai Masu Gida" bakinka ne zai amsa kafin ka yi tunani. Ta ba mu kofin gasar ƙasa a 2008, ta ƙara sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, abin da har yau in na tuna sai na gyara zama. Ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, ta dawo bayan shekara guda. Duk da haka Pillars ba ta taɓa hana ni cin tuwo ba. Masu wannan aikin suna can ƙetaren teku.

Kanu ne ya kai ni Arsenal, ya ajiye ni, ya yi tafiyarsa. Duk wanda ya yi wayo a 1996 ya san daren gasar Olamfik ta Atlanta: Brazil tana cin mu 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma zura ta zinare a ƙarin lokaci. Da ya koma Arsenal a 1999, rabin samarin Kano suka bi shi ba tare da biza ba. A watan Oktoban shekarar, Chelsea tana cin su 2 da nema a gidanta, saura minti goma sha biyar, dogon nan ya ci uku shi kaɗai. Ta ukun daga bakin layi ya buga ta bayan ya yanke gola, daga wurin da mai hankali zai ba wani ya ci. A ranar na ɗaura aure da ƙungiyar, babu waliyyi babu shaidu.

Sai kakar 2003 zuwa 2004 ta ƙarasa lalata ni. Wasa 38, nasara 26, kunnen doki 12, ba a doke mu ko sau ɗaya ba. Na yi rashin kunya a wannan shekarar wadda har yau nake biyan kuɗinta. Na riƙa gaida 'yan Manchester United da "sannunku da ƙoƙari". Na ce wa wani tela ɗan Chelsea ya daina ɓata kuɗin shiga gidan kallo, ya tara ya sayi zare. Telan nan bai manta ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan, bai manta ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, amma bari in faɗa da bakina kafin a faɗa mini. A 2006 a birnin Paris, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, aka ba golanmu Lehmann jan kati a minti na 18, Campbell ya ci mana da ka, muka riƙe har muka fara lissafin inda za a yi walima, sannan Eto'o da Belletti suka tashe mu. A 2011 aka zo wasan ƙarshe na ƙaramin kofi da Birmingham, ƙungiyar da ta faɗa ƙaramin rukuni a wannan kakar. Saura minti ɗaya, mai tsaron bayanmu da golanmu suka tsaya yi wa juna kara a kan ƙwallo, ta gangara gaban Obafemi Martins. Ɗan ƙasarmu ne ya jawo ni cikin wannan gida, ɗan ƙasarmu ne kuma ya yi mini alkafura a ka. A 2014, ranar da kocinmu Wenger ya cika wasa 1,000, Chelsea ta yi masa goron biki da 6 da nema. A 2017 Bayern Munich ta ba mu 5 da 1 a gidanta, ta biyo mu gida ta ƙara mana 5 da 1 don kada a ce ta yi son kai.

Amma 28 ga Agustan 2011 daban take. Ƙarshen azumi ne, ana ta ɗinkin Sallah. Na shiga gidan kallo da la'asar, bakina da azumi, jikina da jar riga. Ga wanda bai sani ba, gidan kallon unguwarmu rumfar kwano ce mai benci, talabijin a gaba, janareta a baya, zafi a tsakiya. Kowa a ciki ya fi Wenger sanin aiki, har da wanda bai taɓa taka ƙwallo ba. Da Manchester United ta ci ta shida sai na cire rigar na juya ta ciki-waje, ashe sunan da ke bayanta yana fitowa ko a juye. Aka tashi 8 da 2. Na fito ana dab da shan ruwa, kunu ya ƙi wucewa. Ranar Sallah a filin idi, mutane suna miƙo mini hannu suna "Barka da Sallah", ɗaya hannun kuma yana sama. Yatsa biyar ba su isa ba, sai a saki hannuna a ƙaro uku.

Uwargida ta daɗe da gano cewa jadawalin Firimiya ya fi kalanda amfani. Ba ta san satar gida ba, ba ta kuma son sani, amma ta san ranar da ake tambayar kuɗin anko da ranar da ake ce wa yara su yi wasa a waje. Ita ce ta kai ƙarata wurin ƙanina da ke karatu a Ingila, wai ina fama. Shi kuma, maimakon ya aiko da maganin hawan jini, sai ya aiko da littafi.

Fever Pitch ne, na Nick Hornby, wanda ya fito a 1992. In mutum zai karanta littafin ƙwallo ɗaya tak a rayuwarsa, to wannan ne, ko da kuwa ɗan Chelsea ne. Ba labarin 'yan wasa ba ne, labarin mai kallo ne. Mahaifinsa ya kai shi filin Highbury a 1968 bayan auren iyayensa ya mutu, don a sami abin da uba da ɗa za su riƙa yi ranar Asabar, yaro ya kamu, bai sake warkewa ba. Ya jera rayuwarsa bisa ranakun wasanni, har ya kai ga daren 26 ga Mayun 1989, lokacin da Arsenal ta je gidan Liverpool tana bukatar cin biyu ba ko ɗaya kafin ta ɗaga kofi, Michael Thomas ya ci ta biyun a daƙiƙun ƙarshe. Na karanta shi ina waigawa, don na rantse wani ya bi ni yana rubuta sirrina. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi. Duk kukan da Baturen nan ya cika littafi da shi, jiran shekara 18 ne, daga 1971 zuwa 1989. Mu daga 2004 muka haye shekara ashirin, har da zuwa na biyu sau uku a jere a 2023 da 2024 da 2025.

An aiko da littafin ne don in ga wautata in daina. Abin da na gani shi ne ashe ana iya zama marubuci da wannan wautar. Sai na shiga bin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, duk wanda zai tafi waje kuma na ɗora masa saƙo.

Na sami Football in Sun and Shadow na Eduardo Galeano, mutumin Uruguay, wanda ya fito a 1995. Gajerun labarai ne, wani bai cika shafi ba, ana iya karanta ɗaya kafin shayi ya huce. Shi bai damu da wace ƙungiya ta ci ba, wasa mai kyau yake nema, kuma yana jin haushin yadda kuɗi da talla suka shige cikin abin. A nan na haɗu da Barbosa, golan Brazil da Uruguay ta ci 2 da 1 a filin Maracana a 1950, ta ɗauke kofin duniya a gaban 'yan gida. Ƙasar ba ta yafe masa ba har ya tsufa. A 1993 ya je gaida 'yan wasan ƙasarsa a sansani aka hana shi shiga, wai kada ya shafa musu rashin sa'a. A matsayina na tsohon golan lungu, na ajiye littafin na yi shiru na ɗan lokaci.

Na kuma sami Football Against the Enemy na Simon Kuper, na 1994. Yana saurayi ya zaga ƙasa 22 da ɗan guzirinsa yana tambayar yadda siyasa ke shiga ƙwallo da yadda ƙwallo ke shiga siyasa, daga gabar Holan da Jamus zuwa ta Celtic da Rangers a Glasgow, har Kamaru ya je. Wanda yake ganin musun gidan kallo ya yi zafi, ya karanta wannan ya gode wa Allah.

Duk waɗannan ba su cutar da kowa ba. Wanda ya jawo masifa shi ne Inverting the Pyramid na Jonathan Wilson, na 2008, tarihin dabarun jera 'yan wasa a fili. Littafi ne mai kyau ƙwarai, shi ya sa yake da haɗari. A ciki na koyi cewa a da ana jera biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. A 1925 aka sauya dokar satar gida, aka rage yawan abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin ɗan gaba da layin raga daga uku zuwa biyu, ƙwallaye suka yi ta shiga. Herbert Chapman na Arsenal ya janye ɗan tsakiya ɗaya ya mai da shi baya, bayan Newcastle ta yi mana 7 da nema a wannan shekarar. Ashe ma abin gado ne. Na karanta yadda Hungary ta je Wembley a 1953 ta ci Ingila 6 da 3, da wani Hidegkuti mai lamba tara a baya wanda ya ƙi tsayawa inda lamba tara ke tsayawa. Ya riƙa janyewa tsakiya, mai tsaron bayan Ingila ya rasa ko ya bi shi ko ya tsaya, shi kuwa ya ci uku. Irin dabarar da Guardiola ya yi da Messi a 2009 ke nan, ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6 da 2 a gidanta.

Daga nan na zama abin gudu. A gidan kallo mutane suna ihun "Buga mana!" ni ina bayanin tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya. A teburin mai shayi na riƙa jera kofuna da gwangwanin madara ina nuna yadda Sacchi ya tsara AC Milan, har mai shayin ya ce, "Malam, don Allah in ka gama da Sacchi ka miƙo mini shi, zan zuba wa wani." Benci ya riƙa yin fili a duk gefen da na zauna. Na ɗauka girmamawa ce.

Sai aka shirya gasar unguwanni ta yara 'yan ƙasa da shekara sha biyar, a filin makarantar firamare. Kyautar farko kofi da rago. Mai horar da yaran unguwarmu ya tafi ci-rani, dattawa suka zauna neman wanda zai riƙe. Wani ya ce, "Ai ga Malam nan, shi da yake karanta abin a littafi." Yanzu na fahimci da gatse ya faɗa. A lokacin kuwa na ce zan yi shawara, na wuce kai tsaye na sayo usur da allo.

Muna da wani yaro dogo, lamba tara, wanda duk unguwa ta san aikinsa ɗaya ne: ya tsaya a gaba, a ɗago masa, ya sa kai. Ranar atisayen farko na kira shi gefe.

"Daga yau kai tara ne na bogi."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Koci, me na yi?"

"Ba laifi ka yi ba. Matsayi ne. Za ka riƙa janyewa tsakiya, mai tsaron bayansu ya rikice."

"To wa zai ci ƙwallon?"

"Gurbin da ka bari."

Ya tafi gida ya gaya wa mahaifiyarsa cewa Koci ya ce shi ɗan bogi ne. Da magariba sai ga kawunsa a ƙofar gidana, ya zo jin ba'asi. Sai da na fito da littafin na nuna masa zanen Hungary. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya tafi.

Wasan farko dabarar ta yi aiki, sai dai a kan namu. Mai tsaron bayan abokan karawarmu bai karanta Wilson ba, don haka bai san ya kamata ya rikice ba. Da ya ga babu wanda zai tsare, sai ya taho gaba ya ci biyu. Yarana kuwa suka bazu a fili kamar awakin da aka kwance ranar kasuwa, kowa yana waigowa yana tambayata da hannu ina ne wurinsa. Ina bakin layi ina ihun "Ku matse! Ku rufe gurbi!" wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce, "Ɗan nan, ka bar su su yi ƙwallo mana." An ci mu 5 da nema.

Kafin wasa na biyu kyaftin ɗinmu, yaron da bai wuce sa'an ɗana ba, ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, mun yi shawara. Rana tana da zafi. Ga kujera can a gindin darbejiya, mun ajiye maka da ruwan sanyi."

Na ji daɗin tarbiyyar yaran. Daga gindin darbejiya murya ba ta kaiwa fili, wannan kuma sai daga baya na lura. Suka mai da dogon gaba, suka riƙa ɗago masa, yana sa kai. Muka ci wasa na biyu, muka ci na uku, muka tsallake har wasan ƙarshe. A wurin mai shayi na bayyana cewa sai yanzu tsarin ya fara shiga jikinsu. Aka fara gaishe ni da "Koci" ba tare da dariya ba. Na je har inda aka ɗaure ragon na duba haƙoransa.

Da na tsaya a nan, da yanzu ana ba da labarina da alheri. Amma a makon ne na gama Soccernomics, wanda Simon Kuper ya rubuta tare da masanin tattalin arziki Stefan Szymanski a 2009. Littafin masu lissafi ne. Babbar hujjarsa ita ce, in aka duba shekaru masu yawa, yawan albashin da ƙungiya ke biya shi ne ya fi komai nuna inda za ta ƙare a teburi, kuma yawancin masu horarwa ba sa sauya abu mai yawa. Wannan sashen na tsallake shi da sauri. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na bugun fenariti. Kafin wasan ƙarshe na zakarun Turai a Mosko a 2008, wani masani mai suna Ignacio Palacios-Huerta ya aika wa Chelsea bayanin ɓangaren da golan United, Van der Sar, ya fi faɗawa. 'Yan Chelsea suka yi ta bugawa hagunsa. Da ba don Terry ya zame ba, da lissafi ya ɗauki kofi. Da aka zo kan Anelka, golan ya nuna masa hagun da yatsa, alamar ya gano su, Anelka ya sauya, aka kaɗe. Na haɗa wannan da abin da na gani da idona a kofin duniya na 2006, lokacin da Lehmann, wanda ya bar mu da mutum goma a Paris makonni kaɗan kafin nan, ya riƙa zaro takarda daga safarsa a wasan Jamus da Ajantina, ya tare bugun Ayala da na Cambiasso.

Na sa hula na ja ta har gira, na je na leƙi atisayen abokan karawarmu ta kan katanga. Na rubuta inda kowane yaro yake bugawa. Na naɗe takardar ƙanƙanuwa, na ba golanmu, na ce ya sa a safa, kada ya gaya wa kowa.

Allah da ikonsa, wasa ya tashi 1 da 1, aka tafi fenariti. Na taso daga gindin darbejiya. Mai bugun farko ya ajiye ƙwallo, golanmu ya sunkuya, ya zaro 'yar takarda a naɗe, ya buɗe, leɓensa yana motsi, ya mai da ita safa. Filin ya yi tsit na daƙiƙa guda. Sai wani daga can ɓangaren ya ƙwala ihu: "Laya! Wallahi laya ce!"

Kafin in buɗe baki fili ya cika. Masu cewa a kore mu, masu cewa dama sun san ba banza dogon nan yake cin ƙwallo da ka ba, masu cewa sun ga ni ina leƙe ta katanga ina rubutu, wanda kuma gaskiya ne. Alƙalin wasa ya karɓi takardar da gefen rigarsa, bai yarda ta taɓa fatarsa ba. Aka kai ta gaban mai unguwa da ke zaune a rumfar manyan baƙi, shi kuma ya miƙa wa na'ibin liman. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ilimi ne. A Jamus ma an yi."

"A Jamus," in ji mai unguwa.

Na'ibi ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Mai lamba bakwai, hagu. Mai lamba goma, dama. Gajeren nan mai kan ƙwai, hagu." Gajeren yana tsaye a wurin, mahaifinsa ma haka. Na'ibi ya juya takardar, ya ɗaga ta ga rana, ya ce babu aya babu hatimi, abin da ke ciki kawai gulma ce da mummunan rubutu. Mai unguwa ya ce a mayar wa yaro takardarsa a ci gaba.

Na koma bakin layi ina jin cewa ilimi ya yi nasara a kan jahilci. Mai lamba bakwai ya buga, golanmu ya yi tsalle mai kyau, irin na hoto, zuwa ɗaya ɓangaren. Mai lamba goma ya buga, haka. Gajeren ya zo, ya kalle ni ni kaɗai, ya buga, haka. Lissafina bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, duk inda na rubuta can suka buga, duk da an karanta musu a bainar jama'a. Matsalar ita ce ni daga bayan masu bugu na leƙa, na rubuta hagunsu da damansu. Yaron kuwa yana fuskantarsu, ya karanta da nasa hagun. Da ban ba shi komai ba, da ko bisa kuskure ya tare ɗaya.

Aka wuce da ragon ta ƙofar gidana. Ba hanyarsu ba ce, sun zagayo ne. Da daddare kawun dogon ya same ni wurin mai shayi, ya zauna kusa da ni, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Malam, da ma layar ce."

Duk da haka, in an tambaye ni abin da za a karanta, ba na rowa. Mai son ya san kansa ya nemi Hornby. Mai son daɗin zance ya nemi Galeano. Mai son tarihin nahiyarmu ya nemi Feet of the Chameleon na Ian Hawkey, na 2009, ya ga inda muka fito: 'yan wasan Aljeriya da suka sulale daga ƙungiyoyin Faransa a 1958 don su buga wa gwagwarmayar 'yancin ƙasarsu, Zayar da ta je kofin duniya a 1974 Yugoslabiya ta yi mata 9 da nema, da tawagar Zambiya da ta halaka a hatsarin jirgi a gaɓar Gabon a 1993. Wilson da Soccernomics kuwa ina ba da su ne da sharaɗi: mutum ya yi alkawari a gaban shaidu biyu cewa ba zai kusanci yaran kowa da usur ba.

Mafi girma a cikinsu shi ne The Ball is Round na David Goldblatt, na 2006, tarihin ƙwallon duniya baki ɗaya, shafi sama da 900. Shi kaɗai ne aka taɓa zuwa har gida aka roƙe ni aronsa. Mai gidan kallonmu ne ya gan shi a hannuna, ya auna kaurinsa da yatsu, ya ce in ba shi na mako guda. Na ji daɗi har na yi masa bayanin babin da zai fara da shi. Ranar Asabar na shiga kallo na tarar da shi a ƙarƙashin talabijin ta tsakiya, wadda ta daɗe tana karkata hagu. Ta miƙe sarai.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zo ya dafa kafaɗata. "Malam, littafin nan naka ya yi. In akwai na biyunsa ka taho da shi, bencin baya ma yana rawa."